Kujerar Gyara

Nassarawo, Mubi,
12 ga Maris, 2016.

Zuwa ga Addata Liyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara duka. Yaya ƙafar nan taki, kunnen kuma da sauƙi? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo da ƙarfinsa. Dorathy tana gaishe ki, ta ce gyaɗar da ke cikin ledar nan ta kunu ce, kada ki bar jikoki su soye ta.

Adda, tun da kunnenki ya daina ɗaukar waya na koma rubuta miki takarda kamar lokacin da nake makaranta, kuma ban yi baƙin ciki ba, don akwai maganar da baki yake jin nauyinta. Kin tambaye ni ko Gabdon da 'yarki ta ji muryarsa a wayar ƙawarta shi ne wanda kika sani. Shi ne. Abdulƙadiri Gabdo, Bafulatanin nan mai dogon wuya da muka shiga aji ɗaya na sakandare tare a shekarar da aka raba Gongola aka ba mu Adamawa. Wanda yake biyo ni gida ya zauna a bakin murhunki har sai kin zuba masa. Wanda nake yi wa aikin gida, ya kuma bar makaranta a aji uku. Yau shi ake ji har Jos. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne 'yarki ba ta ce ta ji muryar kawunta ba, alhali ina cikin shirin nan tun daga farkonsa.

Tun da ba ki iya sauraro, bari in gaya miki yadda abin yake. Sunan shirin "Ka San Dalili?", ni na raɗa masa. Magana ce ta rabin awa da muke ɗauka kowace Asabar bayan la'asar a bayan shagon Gabdo na gyaran waya, nan bakin kasuwa. Mutane su aiko da tambaya: me ya sa ruwan teku yake da gishiri, ina tsuntsayen damina suke zuwa da rani, yaya jirgi yake tsayawa a sama. Ni nake kwana shida ina bin littattafai, in rubuta amsa a littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kuma ba na rubuta layi sai na same shi a wuri biyu. Shi kuwa aikinsa ya yi tambaya kamar bai san komai ba, ya kawo shirme, ya yi dariyar nan tasa, in na gama bayani ya maimaita shi da irin maganar 'yan kasuwa. Yaran zamani suna kiran irin wannan shiri fodkas. Mu da muka fara shi ba mu san yana da suna ba.

A ƙarshen 2012 muka soma, lokacin da aka hana fita da yamma, makarantu kuma yau a buɗe gobe a rufe. Ɗalibaina na yi wa, don kada kansu ya yi tsatsa. Gabdo nasa kawai ya ara mini na'urar ɗaukar murya ya zuba musu a katin waya. Ran nan ya tsoma baki ya yi wata tambayar wauta game da wata da taurari, yara suka ce wannan ya fi daɗi, shi ke nan ya zauna. Da aka yanke layin waya a 2013, babu kira babu saƙo, sai shirin ya zama abin da mutane suke tura wa juna waya da waya a tasha da majalisa. Masu kawo kaya daga Digil da Maiha su tsaya a shagon a zuba musu na makon kafin su koma.

Muna da wata ƙa'ida, ita ma ni na kafa ta. Duk wanda ya faɗi abin da ba daidai ba, mako mai zuwa kafin a fara komai zai sauka daga benci ya zauna a kujerar gyara, ya faɗi kuskurensa da bakinsa. 'Yar kujerar tsakar gida ce ta marigayiya mahaifiyarsa, ƙafarta ɗaya ta saki, in an zauna sai ta yi ƙara, na'ura kuma ta ɗauka. Masu sauraro sun san ƙarar nan. Gabdo ya zauna a kanta sau ashirin da uku, don bakinsa yana riga kansa. Ni ban taɓa zama ba, ko sau ɗaya. To ki ji abin haushi, Adda, wai zaman kujerar nan ne ya sa ake ƙaunarsa. Da an ji ƙarar sai a fara dariya ana cewa Gabdo ya sake.

Sauran kin san shi. Ranar Larabar nan ta ƙarshen Oktoba 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo gari, ni da Dorathy da yara muka bi ta Maiha da ƙafa muka tsallaka Kamaru, wata uku ba wanda ya san muna raye. Gabdo shi Yola ya faɗa. Bai ɗauki komai a shagonsa ba sai na'urar da littattafaina guda bakwai. A can cikin 'yan gudun hijira ya yi shiri goma sha ɗaya shi kaɗai, yana karanta rubutuna, wani ya ɗora masa a intanet, daga nan ne sunansa ya tafi Kano da Garwa har Makka. Ba zan ɓoye ba, kowane shiri yakan fara da cigiyata. Amma da na dawo sai na tarar shirin ya zama "shirin Gabdo", ni kuma na zama "ɗayan".

Shekaranjiya na je sayen tumatir wurin wata mata 'yar Digil. Ta ji muryata ta ce kamar ta san ta, har na fara murna. Sai ta ce ai ni ne mai zama kusa da Gabdo, ta ƙara tumatir huɗu ta ce in kai masa. Na kai masa, Adda. Ya ce sun yi kyau.

Ki gai da maigida da yara. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanenki,
Filimon Kwaji.


Nassarawo, Mubi,
7 ga Afrilu, 2016.

Addata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Takardarki ta iso ta hannun direban mota, da man shafawar Dorathy, tana godiya. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta saki.

Na karanta inda kika ce mutumin da ya bar wayoyin shagonsa ya ɗauki littattafaina ba ɓarawo ba ne, ɗan'uwa ne. Na ji. Ke dai tun yana yaro kike tsaya masa, har ƙanzon tukunya shi kike ajiye wa. Amma ki saurari abin da ya faru, sa'an nan ki yanke hukunci.

Wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta shirya taro a Yola, za a tara malaman makarantu da na jami'a a yi magana a kan yadda yaran da suka yi shekara biyu ba karatu za su kamo. An ce suna so su zuba shirinmu a kati su raba wa makarantun da aka sake buɗewa. Sun aiko da takardar gayyata mai tambari, na riƙe ta da hannuna. An rubuta: Malam Abdulƙadiri Gabdo, wanda ya ƙirƙiro "Ka San Dalili?" Malam! Shekara goma sha biyar ina cin ƙurar alli a gaban allo, Gabdo ne malam. Na juya takardar baya ko sunana yana can, babu komai.

Ya ce kuskure ne, in shirya mu tafi tare, zai kira su a gyara. Na ce masa ni ba na zuwa inda ba a kira ni ba, kuma ina da jarrabawar yara. Ya yi ta roƙo har ya biyo ni gida ya sa Dorathy a gaba. Ita ma ta ce in je. Na ƙi. Ki yi tunani, in zauna a kujerar baya ina tafa wa mutumin da na koya wa bambancin tafki da teku?

Da ya ga ba zan je ba, sai ya ce to in rubuta masa amsoshi kamar kullum, don sun ce ya yi shiri a gabansu, tambaya biyar a kan ƙasar Adamawa. Ko kunya bai ji ba. Ya miƙo mini tambayoyin yana murmushi, kamar wanda ya kawo wa tela yadi. A ransa ai haka duniya take, Filimon ya rubuta, Gabdo ya faɗa, a tafa wa Gabdo.

Adda, zan gaya miki abin da ban gaya wa Dorathy ba. Na rubuta huɗu daidai, na yi musu aiki sosai. Ta biyar ita ce ina ne ruwan kogin nan namu, Mayo Yadzaram, yake zuwa in ya wuce Mubi. Ke kin san amsar, iyayenmu daga kan duwatsun Michika suke kallonsa yana wucewa arewa, ya shiga ƙasar Borno ya nufi wajen Tafkin Chadi. Ni kuwa na rubuta cewa in ya wuce Uba sai ya yi kwana yamma ya dawo kudu ya zuba a Binuwai. Na rubuta shi da kyakkyawan hannu, har na ja masa layi a ƙasa.

Kada ki ɗaga murya, ba kisa na yi ba. Ɗakin zai cika da masu digiri, wani zai miƙe ya gyara masa, a yi dariya, a tambaye shi inda ya samo, a nan dole ya ce akwai wani a bayansa. So nake sau ɗaya a ga Gabdo ba tare da ni ba. In kuwa shi malam ne kamar yadda takarda ta ce, ai zai gane da kansa, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanun babansa a bakin mayon nan. Yana da kwana uku da littafin a hannunsa.

Da safiyar yau ya tafi, da sabuwar riga ruwan toka da hula mai aiki. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce in yi masa addu'a irin tamu, shi ma ya yi irin tasu. Na ce Allah ya kai shi lafiya, kuma har zuciyata na faɗa. Amma tun da motar ta tashi abinci bai yi mini daɗi ba, na ɗauka zafin gari ne.

Ki yaga takardar nan in kin karanta. Ina gaida kowa.

Naki,
Filimon.


Nassarawo, Mubi,
18 ga Afrilu, 2016.

Adda Liyatu,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Ban jira amsarki ba, don na san abin da ke cikinta, kuma abin da ya faru ya riga ta.

Gabdo ya dawo ranar Asabar ta makon jiya. Ya kawo wa Dorathy busasshen kifin Yola, ya ce taro ya yi kyau, ya ajiye mini katin waya a kan tebur ya ce an ɗauki komai, in saurara in na sami sarari. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na bar katin nan kwana takwas ina zagaya shi. Jiya Lahadi bayan an taso daga coci na ɗauki kujera na koma ƙarƙashin mangwaro na saka shi.

Adda, bai fara da tambayoyin ba. Ya fara da cewa takardar gayyata ta yi kuskure biyu, shi ba malam ba ne, kuma ba shi ya ƙirƙiro shirin ba. Ya gaya musu a aji uku ya tsaya. Daga nan na ji motsin takardu, ashe littattafan nan bakwai ya tafi da su, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk kalmar ilimi da aka taɓa ji a bakinsa daga cikinsu ta fito, kuma mai su yana Mubi yana duba jarrabawar yara. Ya faɗi sunana cikakke, har sau uku, ya ce su rubuta. Ya ba su labarin kujerar gyara, suka yi dariya, ya ce shi ya kusa cinye ta da zama, amma Malam Filimon Kwaji bai taɓa taɓa ta ba. Ya roƙe su su tafa mini ko da ba na nan. Suka tafa. Tafin da na yi shekara uku ina jira ke nan, na ji shi ni kaɗai a gindin mangwaro, ina ji kamar in tura hannu cikin wayar in toshe masa baki kafin ya kai ta biyar.

Ya kai. Ya karanta ta yadda na rubuta, da muryar nan tasa mai daɗi, har ya ƙara da wasa cewa ruwan Mubi ma Yola yake gudun hijira. Bai rufe baki ba wani dattijo, malamin labarin ƙasa a jami'a, ya nemi magana. Ya gyara cikin ladabi, ya faɗi inda mayon yake bi gari da gari. Sa'an nan ya tambaya, shin wannan ma daga littafin malamin da aka yaba ne? Ga littafin a hannun Gabdo, ga layin da na ja a ƙasa, abin da ya rage kawai ya miƙa.

Sai na ji ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, wannan nawa ne. Idona ya tsallake layi, na cike da kaina. Ku ajiye mini kujera."

Aka yi dariya, amma ba irin wadda ya saba samu ba. Daga baya mutanen ƙungiyar suka ce masa maganar raba shirin a makarantu za su ƙara dubawa, tunda abin da za a ba yara ne. Ke ma kin san ma'anar za a duba.

Da yamma Gabdo ya zo, na ce masa na saurari katin. Ya ce bai so ya tayar mini da hankali ba ne ya sa bai yi magana ba. Ya buɗe littafin ya nuna mini wurin, a hankali, kamar mai nuna wa mutum ƙurji a bayansa, ya ce in sake duba inda na ɗauko, wataƙila masu buga littafin ne suka yi kuskure. Na tambaye shi, shi da ya yi kiwo a bakin mayon nan, bai ga abin bai yi daidai ba? Ga amsarsa, ban canza kalma ba: "Na gani, Malam. Tun ina yaro na san arewa ruwan yake yi. Amma da na ga rubutunka sai na ce akwai wata kwana can gaba da ban taɓa kaiwa ba."

Ya ce ranar Asabar zai zauna a kujerar, na ashirin da huɗu, ba wani abu ba ne, ya saba. Ya sha ruwa, ya yi wasa da yara, ya tafi.

Kin ɗauka kunya ce kaɗai ta kama ni? Da ita ce da na ji sauƙi. Wallahi, Adda, har da haushi. Na zauna ina cewa a raina, murya ya fi ni, farin jini ya fi ni, yanzu har kirki ma ya fi ni, kuma bai ma san ya yi ba. Ƙyashin da nake yi masa bai ragu ba, wuri kawai ya canza. Ban san irin mutumin da na zama ba. Littafin yana gabana yanzu, in na ga dama in ce masu bugu ne, zai yarda, har ya taya ni zaginsu.

Ki rubuto da wuri, ko da faɗa ne.

Ƙanenki,
Filimon.


Nassarawo, Mubi,
29 ga Mayu, 2016.

Zuwa ga Addata abin ƙaunata,

Gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, da fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya damina a wajenku? Nan an yi ruwa uku masu kyau, mutanen Digil sun fara shuka, mayo ya kawo. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ban san ta inda zan fara ba ne.

Takardarki layi uku ce, ko gaisuwa ba ki yi mini ba, kuma ta iso a makare, ranar Litinin bayan an gama komai. Amma na ji daɗi da abin da kika ce in yi shi ne abin da na riga na yi, ko ba komai zan iya kallon idonki.

Ranar Asabar ɗin na riga shi shiga bayan shago. Ya kunna na'ura, ya yi sallama ga masu sauraro, ya juya zai jawo kujerar, ya tarar ina tsaye a gabanta. Ya ɗauka wasa nake yi. Na zauna. Ta yi ƙarar nan, kuma ban taɓa sanin tana da gajarta haka ba, gwiwoyina har ƙirji, shi kuma yana can sama a kan benci. Na faɗi inda Yadzaram yake zuwa. Na ce kuskuren Yola ba na Gabdo ba ne, bai tsallake layi ba, abin da na rubuta ya karanta. Har nan yana girgiza kai yana yi mini alama in bari. Sa'an nan na ce ba kuskure ba ne ma, da gangan na rubuta, don in kunyata shi, saboda ina jin zafin ana kiran sunansa ba a kiran nawa.

Gabdo ya sauke hannunsa. Ya daɗe yana kallon littafin, ba ni ba. Ana jin keke yana wucewa a waje, ana jin mai rake yana talla, duk na'ura ta ɗauka. Can ya ce to, mu je ga tambayar farko, muka yi shirin har ƙarshe, bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Da muka gama ya tambaye ni ko ya goge farkon. Na ce ya bar shi. Ya ce in yi tunani, ina da ɗalibai, ina da coci. Na ce ƙa'ida ce, kuma ni na kafa ta. Ya bar shi, har da shirun.

To, Adda, abin da na nema na samu. Yanzu babu wanda bai san sunana ba a Mubi. In na shiga aji, sai wani daga baya ya motsa kujerarsa ta yi ƙara, sauran su sunkuyar da kai suna dariya. Dorathy ta yi kwana huɗu ba ta yi mini maganar da ta wuce ga abinci ba. Matar nan ta Digil ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, ashe kai ne Filimon ɗin, ta auna mini tumatir daidai ba ƙari. Wasu kuma sun aiko da saƙo suna yabona wai na yi jarumta, waɗannan sun fi ba ni kunya. Ƙungiyar Yola ba ta sake kira ba. Yaran makarantun nan da za su samu shirin, su na fi cuta, kuma ba su ma sani ba.

Gabdo bai rabu da ni ba. Yana zuwa gida, yana cin tuwon Dorathy, yana kirana Malam. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe tun a kan benci, kuma na yarda ya yafe. Dariyarsa ma ta dawo cikin shirin. Abu ɗaya ne kawai. Ya sa an kawo masa littafin taswira da wani babban littafin kimiyya daga Yola, ya ajiye su a kan tebur kusa da na'ura. Yanzu ranar Juma'a yake karɓar rubutuna. Ranar Asabar kafin ya kunna, sai ya ɗora yatsa a kan layi ya bi shi a hankali, bakinsa yana motsi, ya ce, "Malam, wannan a ina ka samo?" Ba da fushi ba, ba da gatse ba. In nuna masa, ya duba, ya gyaɗa kai, mu wuce na gaba. Masu sauraro suna cewa shirin ya ƙara kyau, wai tambayoyin Gabdo sun yi nauyi. Gaskiya ne, kuma wannan ma yana cina.

A shirin jiya muka zo kan wata yarinya da ta aiko tana tambayar me ya sa wata shekara takan zo da ƙarin kwana. Na fara amsar da cewa shekara kwana ɗari uku da sittin da biyar ce. Abin da ɗan firamare ya sani, Adda. Na ga yatsansa ya tsaya a kan layin. Bai dube ni ba, kamar shi ma yana jin nauyin abin. Sa'an nan ya jawo babban littafin ya buɗe.

Da na taso na bi ta gada na tsaya ina kallon ruwan yana tafiya arewa abinsa. Na bincika zuciyata, na tarar yanzu ba Gabdo nake ƙyashi ba. Filimon na watan Maris nake ƙyashi, wanda ba a san sunansa a kasuwa ba, amma akwai mutum ɗaya a duniya da ya ƙaryata idonsa saboda rubutunsa. Ban san ina da wannan ba sai da na kashe shi da hannuna.

Gabdo ya ce in gaishe ki, ya ce har yau bai ci miyar yakuwa irin taki ba. Ki gaya wa 'yarki in ta ji shirin da ya fara da ƙarar kujera, wannan muryar ta kawunta ce. Ki gai da maigida da jikoki, ki kuma sa ni a addu'a.

Ni ne ƙanenki,
Filimon Kwaji.